An ɗaura wa mashin ɗin ƙanƙara turbo, ba a sanar da kuloci ba

Tambaya: "Ina da Ski-Doo Summit 850 wanda bai fito da turbo daga kamfani ba. Bana na sayi turbo na kasuwa na ɗaura masa, matsin iska fam 6. A duwatsun Cooke City na jihar Montana nake hawa, tsakanin ƙafa 8,000 da 10,000. Da na matsa totur sai juyin inji ya haura 8,400 a minti, in na daɗe ina hawan tudu kuma sai ya zube zuwa 7,500, ga warin roba. Bel biyu na tsinka cikin wata guda. A cikin itatuwa kuma, in zan tashi daga tsaye, sai ya yi nauyi kafin ya ɗauka. Kulocin ban kwance shi ba, kilika kawai na mayar lamba 1. Nauyi zan ƙara, ko helis zan sauya?"

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da asarar bel, na san ba arha gare shi ba. Nauyi za ka fara ƙarawa, helis ya biyo baya in ya zama dole. Amma in ka tsaya a wannan amsar ka ruga kanti, bel na uku ma zai bi sahun 'yan uwansa, domin abubuwa uku ka faɗa kuma ba cuta ɗaya ba ce.

Bari mu fara da lissafi, shi zai nuna maka abin da ka yi wa injin nan da ka ɗaura masa turbo, wato na'urar da hayaƙin inji ke juyawa ta cusa masa ƙarin iska. A gaɓar teku matsin iskar duniya fam 14.7 ne a kan kowane inci murabba'i. A ƙafa 9,000, tsakiyar inda kake hawa, ya sauko zuwa wajen 10.5. Shi ya sa masu sana'a ke cewa injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000. Injinka mai ƙarfin doki 165 a ƙasa, kafin ya kai can sama ya koma 120 ko kusa da haka, kuma don waɗannan 120 ɗin aka saita kulocin da ke jikinsa. Yanzu ka ƙara fam 6 a kan 10.5, ya zama 16.5. Wato a bisa dutse injin yana shaƙar iskar da ta fi ta gaɓar teku, iskar da ke shiga cikinsa ta ƙaru da fiye da rabi. Kwatanta da na kamfani: lokacin da Ski-Doo suka fito da Summit 850 mai turbo a 2020, matsin da suka ba shi bai wuce fam 4 ba, wanda ya isa ya riƙe masa 165 ɗinsa har ƙafa 8,000, kuma da kulocin da aka saita don hakan ya fito. Naka ya fi wannan matsi, kulocinsa kuwa na injin da ke haki ne.

Aikin kulocin mashin ɗin nan ɗaya ne tak: ya riƙe inji a juyin da ya fi ƙarfi, komai gudu komai nauyin ƙanƙara. Injin zagaye biyu ba ya da yalwar fili, ƙarfinsa a wani ɗan siririn tsakani yake taruwa, saboda an ƙera salansarsa ne don juyi guda. Na 850 irin naka wajen 7,900 ne. Tambayi wanda ya sayar maka da turbon ko taswirar man da ya ba ka, wato tsarin da kwamfutar inji ke bi wajen ba shi mai da wuta, ta matsar da wannan lamba, in ya ba ka wata to ita za ka bi. A 8,400 ka wuce inda ƙarfin yake, ƙara ce kawai da wahalar da ƙarafa. A 7,500 kuma ka faɗo ƙasa da shi. Fuli biyu ne ke wannan aiki, kowanne da faifai biyu, bel yana tsakaninsu. Na gaba yana kan sandar inji, a cikinsa akwai hannayen nauyi guda uku da sifirin. Juyi na ƙaruwa hannayen na buɗewa, suna tura faifai ya matse bel ya hau sama, sifirin kuma yana hana su saurin yin hakan. Na baya yana da nasa sifirin da helis, wato wani ƙarfe mai karkatattun hanyoyi da rola ke bi, shi ne yake jin nauyin da tirak, wato faffaɗar robar da ke tuƙa mashin a kan ƙanƙara, ke ja ya yanke ko a saki bel ya nutse ko a matse shi a koma ƙaramar giya. Kokawa ce tsakanin su biyun, lambar da kake gani a agogon juyi kuwa ita ce inda kokawar ta tsaya.

Abin da ke sa saitin turbo ya fi wuya shi ne inji biyu gare ka yanzu a kwanso ɗaya. Kafin turbo ya ɗauki wuta, tsohon injin nan ne mai shaƙar fam 10.5, har ma ya ɗan fi da rauni tunda an sa masa abin da ke tare hayaƙi a hanya. Daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan nan sai ya rikiɗe ya zama wani dabban. Kulocin da zai yi maka daidai dole ya yi wa na farkon sassauci, ya kuma ɗora wa na biyun kaya. Duk shawarar da zan ba ka daga nan take fitowa.

Kafin ka sayi ko giram ɗaya, cire murfi ka duba. Cire bel ka kalli faifan nan huɗu da fitila. In ka ga baƙin zane kamar an goga gawayi, musamman can ƙasa kusa da sanda a fulin gaba, bel ne yake zamewa a wurin, kuma robar da ya bari za ta sa sabon ma ya zame. Goge su da koren soson nan na Scotch-Brite daga tsakiya zuwa baki, ka wanke da asiton, sinadarin nan mai goge maiƙo. Bel biyu sun fashe a ciki, saboda haka nemi zaren da ya naɗe a bayan faifai da jikin sanda, ɗan zare kaɗan ya isa ya hana faifai tafiya. Girgiza faifan da ke motsi ka ji ko bushin ya ci, juya kowace rola da yatsa, wadda ta kafe ko ta yi fuska a cire ta. Duba robobin da inji ke zaune a kai. Wannan mutane na mantawa da shi: ƙarin ƙarfi yana murɗa injin a mazauninsa, fulin gaba ya karkace daga layin na baya daidai lokacin da ka fi matsa totur, alhali a gareji in ka auna ka ga komai daidai. Sai ka saita sakin bel yadda littafin mashin ya ce. In ya yi sako-sako, mashin yana tashi ne kamar motar da aka tayar a giya ta biyu, kuma wannan kaɗai yana iya zama rabin nauyin da kake ji a cikin itatuwa. Sabon bel kuma a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, ya bushe, a yi kilomita 50 da shi a hankali ana sauya gudu. Na tabbata na biyun da ka tsinka daga leda ya wuce kan tudu kai tsaye.

Sai batun kilika, wato ɗan abin saiti da ke jikin kowane hannun nauyi a fulin gaba. Kulocin pDrive da ke jikin mashin ɗinka matsayi biyar gare shi, kowane ɗaya yana matsar da juyi da kusan 200, kuma dole duka ukun su zauna a lamba ɗaya. An yi shi ne don ɗan gyaran yini, ka sauko ƙasa ka rage, ka hau sama ka ƙara. Kai kuwa ka kai shi ƙarshe har yanzu kana 8,400, wannan shi ne shaidar cewa hannayen sun yi wa injin kaɗan. Mayar da shi lamba 3 don ka sami sarari gaba da baya, ka gyara da nauyi na gaske. Akwai notin musamman mai ɗaukar ƙananan zobba da ake ƙara wa hannayen, akwai kuma hannayen da aka ƙera don turbo masu ramukan da ake cusa nauyi a gindi, a tsakiya ko a baki. A ganina na biyun za ka saya, domin ba yawan nauyin kaɗai ne zance ba, inda aka ajiye shi ya fi muhimmanci. Nauyin gindi yana aiki tun daga farko, yana sa bel ya kamu da wuri ya kuma ɗora wa inji kaya tun bai shirya ba. Nauyin baki sai an yi nisa a buɗewa yake nuna kansa, daidai lokacin da turbo ya cika. Ga mai inji biyu irin naka, gindi ya zama mara nauyi, kayan su taru daga tsakiya zuwa baki.

Nawa za a ƙara? Ƙa'idar da muke amfani da ita a gareji ita ce giram ɗaya a kowane hannu yana sauke juyi da kusan 100. Ƙiyasi ne, ba aya ba, kuma a wurinka ma ya fi zama ƙiyasi, saboda bel mai zamewa yana sa agogo ya yi ƙarya, ga shi za ka mayar da kilika sama. Kada ka yi mamaki in abin ya kai giram takwas ko goma kafin ya zauna. Fara da adadin da mai turbon ya rubuta don fam 6 a tsayin da kake hawa, daga nan ka riƙa matsawa da giram biyu-biyu, in ka kusa ka koma ɗaya-ɗaya. Sayi ƙaramin sikeli irin na masu zinari ka auna hannayen uku, kada bambancinsu ya kai rabin giram. Abin da ke juyawa sau dubu takwas a minti ba ya yafe rashin daidaito.

Sifirin gaba lamba biyu gare shi, misali 150 da 350. Ta farko tana faɗin ƙarfinsa a farkon matsewa, ita ke yanke juyin da bel zai fara kamuwa. Ta biyu ta ƙarshen matsewa ce, tana taɓa juyin ƙoli. In ka gama da sakin bel da nauyin gindi har yanzu tashi yana nauyi, ɗaga lambar farko kaɗan don kamun ya ƙaru da juyi 200 ko 300, injin ya sami ɗan hayaƙin da zai juya turbo kafin a ɗora masa kaya. Kada ka zarce. Kamu mai tsayi sosai yana fizga, tirak ya tona rami a garin ƙanƙara maimakon ya hau kansa, ka tsinci kanka kana haƙa da shebur tsakanin itatuwa biyu. Ni dai na fi son kamu mai laushi da ɗan jinkiri kaɗan a kan mai fizgar da ke binne ni.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar, wato zubewar juyi zuwa 7,500 a dogon tudu. Kusan kowa in ya ga haka sai ya ce nauyi ya yi yawa, ya rage, sai hauhawar farko ta ƙara muni. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Abu uku ne ke iya jawo shi. Na ɗaya, zafi: bel da faifai sun yi zafi, robar ta yi laushi, sauyin giya ya daina tafiya sumul. Na biyu, fulin baya ba ya komawa ƙaramar giya da sauri in tudu ya ƙara miƙewa. Na uku, wanda ba ruwan kuloci a ciki, kwamfutar inji ce da kanta take rage wuta don ta ceci fistin, ko saboda sensa ta ji ƙwanƙwasar ƙonewar mai ba bisa lokaci ba, ko saboda iskar da turbo ke turawa ta yi zafi bayan daƙiƙa ashirin ana matse da totur.

Wannan na ukun ya taɓa cin mini makonni. Wani mashin da na ɗaura wa turbo da hannuna yana yin daidai abin da naka ke yi. Na sauya helis sau biyu, na sauya sifirin, na zare nauyi na mayar, har yatsuna suka daina jin sanyi don sabo da kwance fuli a filin ajiye motoci. Ranar da na haɗa na'urar da ke naɗar bayanan inji, na ga a daidai daƙiƙar da juyi ke faɗuwa kwamfuta tana janye wuta. Ingancin man ne bai kai ba. Na gauraya shi da man da ake zuba wa injinan tsere, ban taɓa ko noti ɗaya a kuloci ba, juyi ya tsaya cak har ƙolin tudun. Saboda haka kafin ka zargi helis, tabbatar man da kake zubawa ya kai abin da mai turbon ya ce. Mai lambar oktan 91, wato ma'aunin juriyar mai ga ƙwanƙwasa, shi ne mafi ƙanƙanta, kuma a fam 6 wasu taswirorin suna buƙatar a gauraya da wanda ya fi shi. In mashin yana nuna gargaɗin ƙwanƙwasa a allo, sauka daga tudun nan take, fistin ya fi bel tsada nesa ba kusa ba.

Yadda za ka raba na ɗaya da na biyu mai sauƙi ne. Hau tudun da mashin a huce, ka sauko ka sake hawa sau uku a jere. In hawan farko ya riƙe juyi, na uku ne ya zube, zafi ne. In tun hawan farko yake zubewa a daidai inda tudu ya miƙe ko ƙanƙara ta yi zurfi, kuma da ka saki totur ka sake matsawa sai ya yi jinkirin dawowa, fulin baya ne. Kashe inji, buɗe murfi, ka haska ma'aunin zafi mai jan haske a kan fulin biyu. Wanda ya fi zafi a nan zamewar take. In ba ka da ma'auni cire safar hannu ka taɓa, faifan da ba za ka iya ɗora tafinka a kai ka ƙirga biyar ba ya yi zafi da yawa. Da saitin da kake da shi yanzu ina sa ran na gaba ne zai ƙone ka, domin hannayen nauyi ba juyi kaɗai suke saitawa ba, su ne kuma suke damƙe bel. Hannu mara nauyi ba shi da damƙar da za ta riƙe ƙarfin turbo. Shi ya sa sau da yawa ƙarin nauyi kaɗai yake magance hauhawar da warin robar gaba ɗaya.

In an yi duk wannan sannan a waiwayi helis. Kusurwa mai miƙewa, a ce digiri 44 maimakon 40, tana sakin bel da sauri, juyi ya sauka, amma damƙa ta ragu kuma komawa ƙaramar giya ta yi jinkiri. Kusurwa mai kwanciya akasin haka take yi. Da yake helis ƙarfin murɗa yake ji, injin da ya ƙara ƙarfi yana sa tsohon helis ya ƙara taurin kai wajen buɗewa, shi ya sa mashinan turbo sukan so kusurwar da ta ɗan fi ta asali. Akwai kuma helis mai kusurwa biyu. Na mashinan da ba turbo yakan fara a miƙe ya ƙare a kwance. Masu turbo na kasuwa da dama suna juya shi, ya fara a kwance don inji ya yi saurin hawa juyi turbo ya kama, ya ƙare a miƙe don a sauke ƙarfin a ƙasa. Ba kowa ya yarda da wannan ba, akwai ƙwararrun da ke cewa turbo kaya yake so tun farko kafin ya cika, kuma a buɗaɗɗen fili suna da gaskiya. Amma kai cikin itatuwa kake yini, kana matsa totur kana saki sau ɗari a awa, a nan saurin dawowar juyi ya fi maka komai. Duba lambar da aka buga a jikin naka, kada ka matsa fiye da digiri biyu zuwa huɗu a tashi ɗaya. Sifirin baya kuma kada ka ɗauka ƙara masa tauri kullum alheri ne. Yana ƙara damƙa, gaskiya ne, amma in ya yi yawa fulin biyu sai su riƙa jan bel kamar igiyar guga, ƙarfin ya tafi a zafi.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Ɗauki baƙar maka ka ja layi a fuskar faifan gaba daga sanda zuwa baki, ka yi hawa ɗaya mai kyau, ka buɗe. Inda layin ya goge nan bel ya kai. In bai wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙasa ba, bel yana yini a naɗe a ƙaramin da'ira inda ɗan guntunsa kaɗai ke taɓa faifai, kuma a nan ake dafa shi. Maganin wannan a akwatin sarƙar da ke kai ƙarfi daga fulin baya zuwa tirak yake, a rage haƙori ɗaya a giyar sama don fulin su riƙa aiki kusa da daidai da juna. In kuwa layin ya goge har baki a kan tudu, turbo ya cinye giyar, sai a ƙara haƙori. A fam 6 na fi zaton giyar asali za ta ishe ka, amma maka ce za ta faɗa.

Wurin gwaji ya zama tudu ɗaya, dogo, wanda za ka riƙe totur a kai daƙiƙa goma zuwa sha biyar, a ƙanƙarar da ba a taka ba. Juyin da ka gani a kan hanyar da aka daddaɓe ba shi da amfani a nan. Sauya abu ɗaya kawai tsakanin hawa da hawa, ka rubuta tsayin wurin, sanyin ranar, juyin farko, juyin ƙarshe da zafin fuli. Fensir za ka riƙe, biro daskarewa yake. Tunda matsinka a fam 6 yake a tsaye, ƙarfin zai ɗan ragu tsakanin ƙafa 8,000 da 10,000, saboda haka saita shi a wajen 9,000 ka bar wa kilika sauran.

Tudun kuma kada karkatarsa ta kai digiri 30, kuma kada ya kasance ƙarƙashin wanda ya kai. Tsakanin 30 da 45 ne ƙanƙara ta fi zabtarewa, yankin Daisy Pass da Lulu Pass da ke kusa da Cooke City kuwa ya ci mahaya ba ɗaya ba ba biyu ba. Mutumin da idonsa ke kan agogon juyi ba ya ganin tsagewa a gabansa. Karanta hasashen zabtarewar ƙanƙara na cibiyar Gallatin da ke garin Bozeman da safe, ka tafi da abokin da zai tsaya a gefe yana kallonka. A gareji ma haka: fulin gaba da ƙarfen zaro shi na musamman ake cire shi, ba da guduma ba, sifirin yana matse a ciki sai da matsi ake buɗe murfinsa, notin tsakiya kuma da sifana mai auna ƙarfi ake ɗaure shi daidai lambar littafi. Kada ka tayar da inji murfin bel a buɗe, kada kuma ka ba shi wuta babu bel a jiki.

In ka yi hawa ukun nan bayan ka ƙara nauyi, turo mini juyin daƙiƙa ta uku da na daƙiƙa ta goma sha biyu, da zafin fulin biyu, da hoton layin maka. Da su zan iya ce maka ko helis ɗin da ke jiki zai zauna ko a sauya shi.